FIDDA ISKA DAGA BIRKIN MOTO MAI TAYA UKU

 Makanikai da yaran gareji, da masu moto, da ku da ake ɗauka bisa moto, maganar yau taku ce. Za mu yi bayani bisa birki, amma ba kowane birki ba. Wanda za mu duba shi ne birkin da aka haɗa gaba da baya, a jikin moton da aka ƙera da taya biyu, daga baya aka mai da shi mai taya uku. Aikin da za mu koya shi ne fidda iska daga cikin man birkin, abin da ake ce ma purge da Faransanci.

Wani zai ce: ai fidda iska ba wani aiki ba ne, yaron da ya yi wata shida a gareji ya iya. Gaskiya ne, in birkin irin na kowa ne. Birkin hannu na tayar gaba, birkin ƙafa na tayar baya, kowa da hanyarsa. To amma wanga birki ba haka yake ba. Wanda ya yi masa aiki da wancan sani, zai wuni yana zuba mai yana zubarwa, birki kuma yana nan da laushi.

Mi ya sa iska take ɓata birki?

Birkin mai ba shi da wuyar ganewa. A wurin hannunka, ko wurin ƙafarka, akwai ƙaramin famfo. Tare da shi akwai ɗan kofi cike da mai. Daga famfon, tiyo ya tafi har wurin taya. A can akwai faifan ƙarfe da ke juyawa tare da taya, da wani ƙarfe da ya rungume faifan kamar awartakin maƙeri. Mu ce masa awartaki. Cikin awartakin akwai fistan. In ka matsa birki, famfo ya tura mai, mai ya tura fistan, fistan ya tura takalman birki su ciji faifai. Taya ta tsaya.

Duk sirrin yana ga abu guda: mai ba ya matsuwa. Iska kuwa tana matsuwa. Ku gwada da kanku. Ku samu sabon sirinji marar allura, ku cika shi da ruwa, ku toshe bakinsa da yatsa, ku danna. Ba zai motsa ba. Ku zubar da rabin ruwan, ku bar iska ta shiga, ku sake toshewa ku danna. Zai tafi kamar ana matsa soso. Haka birki yake yi in iska ta shiga. Ƙarfin hannunka ya ƙare wajen matse iska, abin da ya isa ga faifai kaɗan ne.

A jikin kowane awartaki akwai ƴar ƙusa mai rami a tsakiya, an rufe kanta da ƴar hular roba. Ita ce ƙofar da iska ke fita. Mu ce mata ƙusar iska. Ku riƙe abu guda game da ita: iska sama take tafiya cikin mai, kamar kumfa cikin ruwa. Saboda haka ƙusar iska ba ta da amfani sai in ita ce a can bisa.

Haɗaɗɗen birki

Masu ƙera moto sun lura tun da daɗewa mutane da yawa ba su iya raba birki ba. Wani ƙafa kaɗai yake takawa, yana tsoron na gaba, alhali na gaba shi ne mai ƙarfi. Sai suka ce bari a haɗa su, in mutum ya taɓa guda, ɗayan ma ya kama. Kamfanin Moto Guzzi na Italiya ya fito da irin wanga birki a 1975. Kamfanin Honda na Japan ya sa shi bisa babban motonsa mai suna Gold Wing a 1983. A lokacin, in ka taka birkin ƙafa, tayar baya ta kama, faifai guda na gaba ma ya kama.

Yau abin ya sauko har ga ƙananan babura. Tarayyar Turai ta fara tilasta shi a 2016: sabon ƙaramin moto wanda injinsa bai wuce 125 ba, sai ya zo da haɗaɗɗen birki ko da ABS, wato na'urar da ke hana taya kullewa. Indiya ma ta ɗora wagga doka bisa duk sababbin ƙananan babura a 2019. Tun da babura da yawa da ke kasuwanninmu daga Indiya suke zuwa, kada ku yi mamaki in kun ga an rubuta CBS a jikin moto. Ma'anarsa ke nan, birki haɗaɗɗe ne. Wasu daga cikinsu da waya suke aiki, ba da mai ba. Waɗannan babu iskar da za a fidda masu.

Bari mu ɗauki misalin da ya fi wuya, domin wanda ya gane shi, sauran ba za su ba shi wahala ba. Shi ne Gold Wing GL1800 da ya fito a 2001, aka yi ta ƙera shi har 2017 kafin a sake masa tsari. Moto ne mai silinda shida, nauyinsa wajen kilo 400. Yana da awartaki uku: biyu gaba, guda baya. Kowane awartaki yana da fistan uku a jere. Amma fistan ukun nan ba daga famfo guda suke shan mai ba. Ku saurara da kyau.

Birkin hannu yana tura fistan biyu na gefe a awartakin gaba na dama, da fistan na tsakiya a awartakin gaba na hagu. Birkin ƙafa yana tura fistan na tsakiya a baya, da fistan na tsakiya a gaba dama, da fistan biyu na gefe a gaba hagu. Bisa hanyar da ta tafi gaba akwai wata ƴar ƙofa ta jinkiri, domin kada gaba ya kama da ƙarfi lokaci guda. Saura fistan biyu na gefe a baya. Wa ke tura su? Ba hannu ba, ba kuma ƙafa kai tsaye ba kaɗai. Akwai famfo na uku, a jikin sandan hagu cikin sanduna biyu da ke riƙe da tayar gaba. Awartakin hagu ba a ɗaure shi kam ba, an bar shi yana ɗan motsi. In ya ciji faifai moto yana tafiya, faifan ya ja shi, shi kuma ya danna famfo na uku. Famfon ya tura mai cikin dogon tiyo, ya bi ta wata ƙofa mai rage ƙarfi, ya isa baya. Man da famfo na uku ke sha kuwa daga kofin birkin ƙafa yake zuwa.

Kun gani? Kofin da ke baya yana ciyar da fistan na gaba. Famfon da ke gaba yana tura fistan na baya. Shi ya sa makaniken da ya ce birkin baya ya yi laushi, bari in fidda iska a baya, bai yi ko rabin aiki ba. Iskar da ke damunsa tana iya zama can gaba, kusa da fitila. A wanga birki ba taya ake bi ba. Hanyar mai ake bi, daga kofi har inda ta ƙare.

Abin da ƙarin taya yake canzawa

A Amurka ne wanga aiki ya fi yawa. Akwai kamfanoni da sana'arsu ke nan, kamar Motor Trike a jihar Texas. Ana cire tayar baya da awartakinta. A sa gatari mai taya biyu irin na ƙaramar mota. Masu saye yawancinsu dattawa ne da ƙafa ta daina riƙe nauyin kilo 400 in an tsaya, da waɗanda suka rasa ƙafa, da masu ciwon gwiwa ko ƙugu. Mu ma mun san irin wanga buƙata. A Maradi da Damagaram da Tawa da Yamai muna ganin ƴan uwanmu guragu bisa moton da mai walda ya ƙara ma taya. Moton nasu ƙarami ne, ba Gold Wing ba ne, amma in birkinsa na mai ne, dokar iska guda ce. Kuma ku tuna: mai ƙafa biyu in birki ya ƙi, yakan ja ƙafa ƙasa ko ya yi tsalle. Wanda ke bisa moto mai taya uku domin ba ya iya haka, birki kaɗai gare shi.

To mi ya canza cikin hanyar mai? Da farko, inda akwai awartaki guda yanzu akwai biyu, ko kuma birkin ganga biyu irin na mota. An ƙara tiyo, an sa mahaɗa mai baki uku domin a raba mai hagu da dama. Duk sabon tiyo da sabon awartaki, iska ce cike da su ranar da aka ɗaura su. Wagga ba ƴar iska ba ce irin wadda ke shiga lokacin canjin takalma. Hanya ce gaba ɗaya babu mai.

Na biyu, sabon tiyo ba kullum yake bin gangare ba. Sau da yawa yakan hau bisa gatari ko bisa ƙarfen da ke riƙe da akwatin baya, sannan ya sauko. Duk inda tiyo ya yi tudu, nan iska ke kwanciya. Mai yana wucewa ta ƙarƙashinta, ya fita ta ƙusar iska tas babu kumfa, makanike ya ce ya gama. Ita kuwa tana nan.

Na uku, wurin ɗaura awartaki. Wani lokaci wuri ya yi ƙunci, sai a ɗaura awartakin a karkace, ƙusar iska ta koma gefe ko ƙasa. Wani lokaci kuma kuskure ne tsantsa: na hagu aka kai dama, na dama aka kai hagu, ƙusoshin duka suka kalli ƙasa. Kafin ku buɗe gwangwanin mai, ku durƙusa ku duba wanga. Minti guda ne.

Na huɗu shi ne wanda ya fi rikita mutane. A Gold Wing tiyo biyu ne ke zuwa baya: guda daga famfon ƙafa, guda daga famfo na uku. Masu ƙara taya ba hanya guda suke bi da su ba. Wani ya bar su duka biyu suna aiki. Wani ya toshe guda. Wani ya raba birkin gaba ɗaya, hannu ya koma na gaba kaɗai, ƙafa ta koma ta baya kaɗai, har ma ya canza famfon ƙafa da babba. Saboda haka littafin Honda kaɗai bai isa ba, domin moton da littafin ya sani ba shi ne a gabanka ba. Sai an haɗa da takardar wanda ya yi aikin. In babu takarda, kamar yadda yakan faru da moton da ya bi hannu uku ko huɗu, to sai ka bi kowane tiyo da yatsa daga kofi har ƙarshe. Ka zana hanyar bisa takarda, ko bisa ƙasa da tsinke. Ka ƙidaya ƙusoshin iska, ka sa ma kowace lamba. Ni a ganina wanga zane ya fi duk sauran aikin muhimmanci, kuma shi ne mutane suka fi tsallakewa.

Maganar mai

Makanikai da yawa a ƙasashen da ke aiki da Faransanci suna ce ma man birki lokid. Sunan wani Ba'amurke ne, Malcolm Lockheed, wanda ya ƙago birkin mai na mota tun kafin 1920. To amma lokid ba iri guda ba ne. Ku duba bisa marfin kofin, an rubuta haruffa uku da lamba. Na Gold Wing DOT 4 ne. Sabon DOT 3 bai kamata ya tafasa ƙasa da digiri 205 ba, sabon DOT 4 kuwa digiri 230. Amma waɗanga mai suna shan ruwa daga iska kamar gishiri da damina. In DOT 4 ya sha ruwa kamar kashi 3 da rabi cikin ɗari, ma'auninsa ya sauko zuwa digiri 155. Faifan birki a gangare da kaya yana wuce haka. In mai ya tafasa, tururi ne ke tashi cikin awartaki, tururi kuwa yana matsuwa kamar iska. Birkin da ke da kyau da safe sai ya tafi ƙasa da rana. Shi ya sa ake canza man birki duk shekara biyu, ko moto bai yi tafiya mai yawa ba. Moto mai taya uku ya fi nauyi, birkinsa ya fi yin zafi, ga kuma zafin ƙasarmu da ke wuce digiri 40 a watan Afrilu da Mayu.

Ku sayi mai cikin gwangwani ko roba da ba a buɗe ba. Wanda aka zuba cikin kwalba aka aje bakin hanya, ba ku san shekarunsa ba, ba ku san abin da ya sha ba. DOT 5 wani jinsi ne dabam, ba ya gauraya da DOT 3 ko DOT 4, kada lambar ta ruɗe ku ku ce babba ya fi. Man inji kuwa, ko ɗigo guda, yana kumbura robobin famfo, sai an canza su duka. Man birki yana cin fenti, ku rufe jikin moto da tsumma, in ya zuba ku wanke da ruwa nan take. Kuma guba ne. Kada a zuba tsohon mai cikin kwalbar lemo a aje inda yara ke wasa, kada a zubar da shi kusa da rijiya.

Yadda ake aikin

Kayan aiki kaɗan ne: kile mai zobe daidai da ƙusar, wato sifana, da siririn tiyo fari wanda ake ganin cikinsa, da kwalba, da tsumma, da mutum biyu. Moto ya tsaya a wuri mai daidai, an sa ma taya dutse ko katako. A goge ƙura daga marfin kofi kafin a buɗe, balle da hunturu. A zuƙe tsohon mai daga kofi da sirinji, a bar kaɗan a ƙasa domin kada ramin famfo ya buɗe ga iska, a cika da sabo.

Ka sa kile bisa ƙusa, ka sa tiyo, ɗaya bakin tiyon ya nutse cikin ɗan mai a kwalba. Abokin aikinka ya danna birki sau uku ko huɗu a hankali, ya riƙe. Ya ce: na riƙe. Ka buɗe ƙusa kamar kwata na juyi. Mai da kumfa su fito, birki ya tafi ƙasa. Ka rufe, sannan ka ce: saki. In ya saki kafin ka rufe, iska ta koma. Haka za ku yi ta yi har mai ya fito fari babu kumfa. Bayan kowane danni biyar ko shida a leƙa kofi. In kofi ya bushe sau guda, famfo ya haɗiye iska, aiki ya koma farko. A moton da ke da ABS abin ya fi haka muni, domin iskar da ta shiga cikin na'urar tana da wuyar fita.

Kada a danna da gaggawa. Danni mai sauri yana farfasa babbar iska ta zama ƙananan kumfa, su kuwa sun fi wuyar kora. In moton ya tsufa, kada a taka birki har ƙarshe. Can ƙasan famfo, inda roba ba ta saba zuwa ba, akwai tsatsa da datti, suna iya yaga ta.

Yanzu jeri. A gama da hanyar birkin hannu tukuna, ita ce gajera. A Gold Wing ƙusa biyu gare ta, guda a kowane awartakin gaba. Ku lura, kowane awartaki yana da ƙusa biyu, guda ta hannu, guda ta ƙafa. In kuka buɗe ƙusa, abokin aiki ya danna, birki bai tafi ƙasa ba, mai bai fito ba, to ba ƙusar wagga hanya ba ce. Sannan a koma hanyar birkin ƙafa. A nan ne mamaki yake ga wanda bai saba ba: ƙafa ake takawa, amma gaba ake farawa. Awartakan gaba biyu tukuna. Sannan a dawo baya ga fistan da famfon ƙafa ke turawa kai tsaye. Akwai kuma ƙusa guda a jikin sandan hagu na gaba, wurin abin da ke hana gaban moto nutsewa in an taka birki. Ita ce aka fi mantawa da ita. Daga ƙarshe sai doguwar hanyar da ta bi ta famfo na uku ta komo baya. In an ƙara taya, duk inda littafi ya ce ƙusar baya, yanzu biyu ne. A fara da wadda ta fi nisa da mahaɗa, a koma ga ɗayar. In an gama, a sake zagaye na biyu daga farko. Iskar da aka kora daga wani reshe takan ɓuya a wani.

Famfo na uku yana son kulawa ta musamman. Tun da faifai mai juyawa ne ke danna shi, moto na tsaye ba ya motsa shi. Man da ƙafa ke turawa yana ratsa shi, amma kumfa na iya maƙalewa ciki. Ka kama awartakin hagu da hannu, ka tura shi wajen da faifai ke jansa, ka riƙe, abokinka ya buɗe ƙusar baya ya rufe, sannan ka saki. A wasu babura na Honda, kamar ST1300, littafi ma cewa ya yi a kwance awartakin hagu a ɗan karkata shi kafin a fidda iska.

In ƙusar iska ba a bisa take ba, sai a kwance awartakin daga wurinsa ba tare da an cire tiyo ba. A sa guntun katako ko ƙarfe mai kaurin faifai tsakanin takalman, domin kada fistan ya fito waje. A riƙe awartakin ƙusa na kallon sama, a fidda iska, a mai da shi. In tiyo ya yi tudu, a ƙwanƙwasa shi a hankali da gindin kile, ko a ɗaga awartakin ya fi tudun tsawo. In iska ta kwanta a mahaɗa, ana iya sassauta notin mahaɗar kaɗan ana riƙe da birki, a naɗe da tsumma, a ɗaure kafin a saki.

Akwai masu tura mai daga ƙasa zuwa sama da babban sirinji. Dabara ce mai kyau ga sabon tiyo da babu kome ciki, domin ana tura iska wajen da take so. Amma a rage man kofi kada ya yi ambaliya, kuma kada a dogara da ita ga hanyar da ke da ƙofofi. Akwai masu zuƙo mai da famfon tsotsa. Shi ma yana da sauri, sai dai yakan ja iska ta gefen zaren ƙusa, ka ga kumfa ba ta ƙarewa alhali ba daga ciki take ba. Wasu kuma sukan ɗaure birki a danne ya kwana. Yakan taimaka ga ƴan ƙananan kumfa, amma ba ya maye gurbin aikin.

In birki bai yi ƙarfi ba har yanzu

Ba kowane laushi ne iska ba. In ka taka ka ji kamar soso, ka sake takawa biyu uku ya ɗan taso, iska ce, a koma ga zane a ga ƙusar da aka tsallake. In ka taka ka riƙe, mataki yana nutsewa sannu sannu, wanga yoyo ne, ko a waje inda za ka ga jiƙa, ko cikin famfo inda roba ta mutu. In kuwa mataki ya yi nisa kafin ya kama, amma in ya kama yana da tauri kamar dutse, to babu iska. Famfo ne ya yi ƙanƙanta. Ludayin da aka auna domin ƙwarya guda, yanzu ƙwarya biyu ake son ya cika. Ko gwangwani goma aka zuba ba zai gyaru ba, sai a koma ga wanda ya ƙara tayar a yi maganar famfo. In birkin ganga ne a baya, a fara duba ko takalman sun yi nisa da gangar, domin shi ma haka yake yi.

Wasu sukan ce moto yana ja gefe guda in an taka birki, lalle iska ce a gefen. Ba haka ba ne. Awartakan baya biyu da ke shan mai daga tiyo guda, ƙarfin da ke isa gare su guda ne, iska na sa su laushi tare. In yana ja gefe, a duba ko mai ya taɓa takalman gefe guda, ko fistan ya cije, ko tayoyin ba su da iska daidai.

Kafin a ba mai moto makulli, sai an gwada. A ɗaga baya da jak tayoyin biyu su bar ƙasa. A taka birki, kowace taya ta kama, a saki, kowace ta juya. In famfo na uku yana nan yana aiki, a tura awartakin hagu da hannu: baya ya kama, in an saki ya saki nan da nan. Wanga sakin ba ƙaramin abu ba ne. Cikin famfo na uku akwai ɗan rami kamar na allura inda mai ke komawa. In ya toshe, birkin baya yana riƙe ana tafiya, ya yi zafi har ya iya kama wuta. Saboda wanga matsala Honda ta kira Gold Wing fiye da dubu 100 a mai do su a duba a Amurka a 2011, ta sake kira a 2015.

Sannan a fita fili inda babu mutane babu dabbobi. A tafi a hankali, a gwada hannu kaɗai, a gwada ƙafa kaɗai, a gwada su tare. A yi tafiyar kamar kilomita biyu ba tare da taka birki da yawa ba, a tsaya, a kai bayan hannu kusa da faifan baya na hagu da na dama, ba tare da an taɓa ba. In guda yana huci, kada moton ya bar gareji. In duka suna da sanyi, a duba kowace ƙusa da kowace mahaɗa ko akwai jiƙa, a mai da hulunan roba, a cika kofi zuwa layin bisa kada a wuce shi, a rubuta wata da shekara bisa ƴar takarda a liƙa ƙarƙashin kujera.